Na Baya Ba Ya Wuce Kowa

Manyan Injiniya sun zo neman auren Auta ranar Asabar da hantsi. Sun zauna a falon Baffa har lemon da aka kawo musu ya daina sanyi, sannan suka tashi ba su ga mai gidan ba. Ba a ce musu e ba, ba a ce musu a'a ba.

A daidai lokacin Baffa yana kan dutsen da ke bayan gari, zaune a ƙasa, hularsa a hannu, yana haki. Auta tana tsaye a kansa da usur a wuya.

Ga yadda aka yi.

Auta mai gwajin ido ce a wani shagon tabarau da ke bakin babban titi. Ta kusa shekara talatin. Ɗakin aikinta ƙarami ne, ba taga, sai kujera da allon haruffa a bango. Nan take yini tana ce wa mutane, "Rufe na hagu. Karanta layin ƙasa."

Bayan rasuwar mahaifinta ta daina barci, ta daina cin abinci, ta koma kamar tsinke. Ana cikin haka aka ɗauko wani mai fenti ya sabunta allon shagon. Ya leƙa ɗakinta neman ruwan wanke buroshi, ya dubi bangon, ya ce, "Dakta, ke da ke gyara idon mutane, yaushe rabon da ki kalli nesa?" Ya nuna mata dutsen ta ƙofa.

Mai Fenti da rubutun allunan shaguna yake ci. Ranar hutu kuma sai ya ɗauki gwangwanin farin fenti ya hau dutse, yana sa alama a jikin duwatsu da bishiyoyi don kada wanda ya zo bayansa ya ɓata. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ke biyansa.

Auta ta bi alamar sau ɗaya, ta koma, ta sake komawa. Daga baya ta tara mutane, yawancinsu mata: malaman makaranta, teloli, ma'aikatan jinya, da waɗanda likita ya ce su riƙa tafiya. Akwai 'yan mazaje masu rako matansu. Kowace Asabar suke hawa. A zaurensu na waya take sa hotunan hanyoyi da bayani: inda ruwa yake, inda ake zamewa, inda inuwa take.

Dokarsu biyu ce. Na gaba ba ya wuce mararraba sai kowa ya iso. Na baya ba ya wuce kowa, ko da mutum rarrafe yake yi. Auta ce a gaba, Mai Fenti a baya. Da usur suke magana: ɗaya a tsaya, biyu a ci gaba, uku a kawo agaji.

Mai Fenti take so. Duk gidansu an sani.

Ranar Alhamis da yamma Baffa ya sa aka kira ta. Yayan mahaifinta ne, kuma tun rasuwar shi ne mai magana a kan 'ya'yan ƙaninsa. Ta iske shi a kujerarsa ta kusa da taga, waya a kan gwiwa. Mama tana zaune a ƙasa, ta riga ta fara share hawaye tun ba a ce komai ba.

Baffa ya juya mata wayar. Hotonta ne a ƙololuwar dutse, ta ɗaga sanda sama tana dariya.

"Wace ce wannan?"

"Ni ce, Baffa."

"Na ɗauka idona ne. Ke kika yi mini tabarau, na ce ko kin yi kuskure."

"Tabarau lafiyarsa ƙalau."

"Abokina ne ya turo mini. Ya ce, ashe a gidanku har akuya kuke haifa?"

Auta ba ta yi dariya ba.

Mama ta matso ta kama bakin zanenta. "Auta, ki rufa mini asiri. Sa'anninki duk suna ɗakunansu, ke kina daji. Ranar da aka yi ruwan nan mai iska, ina tsaye a ƙofa har ƙafata ta kumbura. In kika faɗo, wa zai kawo mini ke? A me za a kawo ki? Ubanki ya tafi ya bar ni, ke ma so kike ki bi shi?"

"Mama, wa ya fi ki sanin yadda na koma bayan Baba? Ke kika riƙa kai ni asibiti. Ke kike zama a bakin gadona kina cewa in ci ko loma ɗaya ce. Dutsen nan shi ya dawo miki da ni."

"To ai kin warke. Mai ciwo in ya warke ba ya tarewa a asibiti."

"Ban tare ba. Rana ɗaya ce a mako."

"Rana ɗayar nan ita ce ke hana ni barcin sauran." Muryar Mama ta karye. "Ni ba zagin mutane ne ya dame ni ba. Ke nake tsoro wa."

Auta ta ɗora hannunta a kan na Mama.

Baffa ya gyara murya. "Ke ba yarinya ba ce, ba zan yi miki dole ba. Amma ni ke ba da aurenki, kuma ba zan ba wanda zai bar ki kina yawon daji ba. Ga Injiniya, abokin yayanki. Ya daɗe yana bin ki, ba a taɓa jin sa da abin kunya ba. Ya ce in tafiya kike so, zai saya miki injin motsa jiki ya ajiye a falo."

"Wanda mutum zai yi ta tafiya bai je ko'ina ba?"

"Shi nake so."

"Baffa…"

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Shi ya sa na bar rimi na hau dutse."

"Auta!" in ji Mama.

Baffa ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Jibi Asabar manyansa za su zo. Ki zauna a gida, a tambaye ki a gabansu."

"Asabar ina da mutane. Na riga na sanar, kuma akwai sababbi da ba su taɓa hawa ba."

"Ki sanar an fasa."

"Ba zan fasa ba, Baffa. A gabanka nake faɗa, don kada a ce na sulale."

Baffa ya mayar da tabarau, ya dube ta na ɗan lokaci.

"Shi wanda kike taƙama da shi ɗin," ya ce, "jiya ya zo nan. Nan inda kike ya durƙusa. Ya ce in na ba shi ke, daga ranar da aka ɗaura kin bar dutse har abada. Da bakinsa ya yi mini alkawari."

Auta ta ji kamar an janye tabarma a ƙarƙashinta.

"Ƙarya aka faɗa maka."

"Ba faɗa mini aka yi ba. Kunnena ya ji. Kuma ban yarda da shi ba, don mai fenti ne, ya saba shafa wa baƙi fari. Amma je ki tambaye shi."

Washegari da ta tashi aiki ta wuce shagonsa. Rumfa ce ta kwano a bayan tashar mota, ƙasa duk ɗigon launi. Yana tsugune yana rubuta allon wani mai aski. Da ya ga takalminta, hannunsa ya tsaya.

"Dakta."

"Malam, gaskiya ne?"

Ba ta taɓa kiransa Malam ba sai in ranta ya ɓaci. Ya ajiye buroshin a bakin gwangwani.

"Gaskiya ne."

"Maimaita mini yadda ka faɗa masa."

"Ki zauna tukuna."

"A tsaye zan ji."

Ya miƙe yana goge hannu da tsumma. "Na ji an sa rana. Na je wurin Baffa sau nawa ba ya bari in gama gaisuwa. Na ga in ban faɗi abin da yake so ya ji ba, zan rasa ki ina kallo. Na ce a raina, in an ɗaura, ƙura ta lafa, sai mu san yadda za mu yi."

"Wato ko ni ka yaudara, ko Baffa. Zaɓi ɗaya."

"Ba haka ba ne."

"Haka ne. In ka cika alkawarin, ni ka ci amanata. In ba ka cika ba, ka yi wa tsoho ƙarya a falonsa. Da wanne za mu fara zaman aure?"

"Tsoro na ji, Auta." Idonsa ya kawo ruwa. "Injiniya yana da mota, yana da ofis, yana da yayanki. Ni me nake da shi? Dubi hannuna. Ko na wanke da sabulu nawa, fentin nan ba ya fita."

"Na taɓa ce maka ka wanke?"

Ya ajiye tsumman.

"Injiniya bai taɓa ɓoye mini ba," ta ce. "Tun farko ya ce ba ya so. Shi ban da fushi da shi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kai ka nuna mini dutsen nan. Kai ka koya mini yadda ake taka tsakuwa. Kuma kai ka ɗauke shi ka kai wa Baffa kamar naka ne."

Hawaye ɗaya ya zubo mata. Ta goge shi da bayan hannu, ta juya.

"Gobe in zo?" ya tambaya.

Ta tsaya a bakin rumfar ba ta waiwayo ba. "Ka zo. Akwai sababbi, kuma ba ni da wani na baya. Aiki daban, ni da kai daban."

Ranar Asabar da sassafe ta fita ta ƙofar gaba, da jakarta a baya da sandarta. Ta leƙa ɗakin Mama ta gaishe ta. Mama ba ta amsa ba, sai da Auta ta kai ƙofa.

"Kin ɗauki ruwa?"

"Na ɗauka, Mama."

Hanyar da suka zaɓa a ranar zagaye ce. Ana hawa ta gefen tsakuwa, mai tsayi, tun rana ba ta yi zafi ba. A sama akwai mararraba, ƙarƙashin wata babbar bishiya da tsawa ta taɓa tsagawa. Daga nan ake gangarowa ta cikin kurmi, hanya mai sauƙi da inuwa, har bakin titi. Ba a saukowa ta tsakuwa. Ƙasar tana gudu a ƙarƙashin ƙafa, ko gwani sai ya yi da gaske.

A gindin dutse Auta ta karanta wa sababbi doka. Mai Fenti yana can ƙarshen layi da gwangwaninsa. Ba ta dube shi ba. Ta busa biyu, aka kama hanya.

Kusa da ita Anti Nas ce, ma'aikaciyar jinya mai jiki, wadda ba ta taɓa fashi ba kuma ba ta taɓa yin shiru ba.

"Yau kin sha kunu," in ji ta. "Ko mutumin namu ya yi laifi?"

"Ki kula da ƙafarki, Anti."

"Ƙafata ta san hanya. Zuciyarki nake tambaya."

Sun kusa mararraba Auta ta ji usur ɗaya daga ƙasa. Ta ɗaga hannu. Aka ƙarasa gindin bishiyar aka zauna, aka fito da ruwa da lemo. Mutane suka yi ta isowa ɗaya bayan ɗaya, har sababbin. Mai Fenti bai iso ba.

Wanda ya ɓullo daga bayan duwatsu Injiniya ne. Farar rigarsa ta manne masa a baya, takalminsa sau-ciki ya yi furu-furu. Ya dafa gwiwa yana neman numfashi.

"Auta. Don Allah. Mutanena suna hanya."

"Sannu, Injiniya. A ba shi ruwa."

Ya sha ya zubar da rabi a ƙirji. "Me na yi miki da za ki kunyata ni haka? Kawuna daga nesa ya taso. Ni ba mugu ba ne. Matata nake so ta kwana da ƙafafunta biyu lafiya, laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Amma ba ni ce matar ba. Na faɗa maka, na faɗa wa Yaya, na faɗa wa Baffa."

"Kowace mace haka take cewa kafin aure."

"To ni bayan aure ma haka zan ce. Ka huta da wahala."

Anti Nas ta miƙa masa lemo. "Ɗan'uwa, da wannan takalmin ka hawo? Lallai so ya yi."

"Zo mu sauka," ya ce wa Auta, bai kula Anti Nas ba. "Baffa da kansa ya zo ɗaukarki."

Auta ta ajiye gorar ruwanta.

"Baffa yana ina?"

"Yana tafe. Tare muka faro, muka cim ma na bayanku, ya ba mu hanya muka shiga gabansa."

"Baffa yana kan dutsen nan? Mai hawan jini da ciwon sukari?"

"Na ce ya jira a mota ya ƙi. Da ya gaji, shi ya ce in wuce in tsayar da ke. Mai fentin nan yana wurinsa."

Bai rufe baki ba usur ya taso daga ƙasa. Ɗaya. Biyu. Uku.

"Kowa ya zauna inda yake," in ji Auta. "Har kai, Injiniya. Takalminka ba zai riƙe ka a gangara ba. Anti, ɗauko jakarki."

Suka sauka a karkace, suna kafa sanda kafin ƙafa, tsakuwa tana zubowa gabansu. Anti Nas ba ta ce uffan ba duk hanyar, abin da Auta ba ta taɓa gani ba.

Sun same su a wata 'yar inuwa. Baffa yana zaune ya jingina da dutse, doguwar rigarsa ta yi ƙura, leɓensa ya bushe, hannunsa yana rawa. Mai Fenti ya cire rigarsa ta sama ya yi masa matashi, yana yi masa fifita da murfin kwali.

Anti Nas ta tsuguna ta kama hannunsa. "Baba, ka karya?"

"Wa ke ta abinci," in ji Baffa.

"Amma ka sha magani?"

"Na sha."

"Magani ba abinci, sannan dutse. Baba, kai ma ka so kanka da aiki." Ta ɓare alewa ta sa masa a baki, ta buɗe lemon kwali. "Sha. Kada ka yi mini gardama, ni ba 'yarka ba ce."

Ya sha. A hankali rawar hannun ta lafa, ido ya dawo. Abu na farko da ya yi shi ne nuna Mai Fenti da yatsa.

"Wannan yaron ba shi da kunya."

Auta ta dubi Mai Fenti. Shi yana kallon ƙasa.

"Na ce masa ga ranar cika alkawari ta zo," in ji Baffa. "Na ce wuce, ka riga Injiniya, ka sauko mini da ita. In ka kawo ta, yau ɗin nan na ba ka, in sallami baƙi. Sau biyu na faɗa. Ya tsaya mini a ka kamar gunki."

"Me ya ce?" Auta ta tambaya.

"Tambaye shi."

Mai Fenti bai ɗago ba. "Na ce na baya ba ya wuce kowa."

"Ka ji!" Baffa ya buga hularsa a gwiwa. "Ni ina cikin ƙungiyarku ne? Na ce masa ni ba naku ba ne."

"Duk wanda ya taka hanyar nan yana gabana, nawa ne, Baffa, har sai ya sauka." "Kuma ka yafe ni. Alkawarin da na yi maka a falo, ban yi shi da gaskiya ba. Ba zan hana ta ba. Ko na so ba zan iya ba, kuma ba na so. In wannan ne sharaɗi, na faɗi."

"Ka san abin da ka faɗa?"

"Na sani."

"To ka rasa ta."

"Na ji, Baffa."

Auta ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta. Ba ta bar shi ya fito fuska ba. Ta tsuguna a gaban Baffa, daidai yadda ta zauna a falonsa.

"Baffa, ba shi da abin da zai rasa, don ba a hannunsa nake ba. Ba a hannun Injiniya nake ba. Kai ne uba, ba zan yi aure ba sai da yardarka, ko zan tsufa a ɗakin Mama. Amma ba zan sayi aure da dutsen nan ba. Duk wanda ya zo, ka faɗa masa haka tun a ƙofa."

"A gaban mutane kike faɗa mini wannan?"

"A falo na fara faɗa, ba ka ji ba."

Baffa ya dube ta, ya dubi Anti Nas, wadda ta duƙufa tana rufe jaka kamar kurma.

"Ku kai ni mota," ya ce. Ya yunƙura ya juya fuska ƙasa.

"Ba ta nan ba," in ji Auta.

"Ta nan na hawo."

"Ta nan ake hawa, ba a sauka. Da ƙafarka da jirin nan, taku kaɗan za ka yi ka gangara. Sai mun ƙarasa sama, mu bi ta kurmi."

"Sama? In ƙara hawa?"

"Saura kaɗan. Hanyar sauka tana sama, Baffa."

Ya leƙa gangaren. Wani ɗan dutse da ƙafarsa ta taɓa ya mirgina, ya yi ta tafiya, ba a ji inda ya tsaya ba.

Mai Fenti ya miƙa masa sandarsa, wata tsohuwar sanda da fari ya ɗiɗɗiga a jikinta. Baffa ya kalle ta kamar maciji. Sannan ya karɓa.

"Inda na sa ƙafa nan za ka sa," in ji Auta. "In na ce tsaya, ka tsaya."

"Yau na ga ikon Allah," in ji Baffa.

Haka suka hau. Auta a gaba, Baffa a tsakiya da Anti Nas a gefensa tana ba shi labarin marasa lafiya masu taurin kai. Mai Fenti a baya. Duk inda Baffa ya tsaya, shi ma ya tsaya. Bai ce ya yi sauri ba, bai ce sannu ba.

Da suka ɓullo mararraba, matan suka miƙe suna gaishe shi. Wata tela ta shimfiɗa masa ɗankwali a kan dutse. Injiniya yana zaune a gindin bishiya, ya cire takalmi, dugadugansa sun yi bororo. Ya yi wuf ya tashi.

"Baffa, sannu. Jiki dai?"

"Kai ka daɗe da isowa?"

"Ai kai ka ce in wuce, Baffa."

"Haka ne," in ji Baffa. "Ni na ce."

Ya zauna ya juya fuska ga gari. Daga nan ana ganin komai: tashar mota, babban titi, rufin gidaje har inda hayaƙi ya rufe. Ya gyara tabarau.

"Wancan jan rufin kusa da tankin ruwa…"

"Gidanka ne," in ji Auta.

"Motocin can fa a ƙofa?"

Injiniya ya sunkuyar da kai.

Wayar Baffa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya duba, ya miƙa wa Auta. Mama ce.

"Auta? Ina Baffanku? Baƙi sun cika falo, na rasa abin da zan ce musu!"

"Yana nan tare da ni, Mama. Lafiyarsa ƙalau."

"Tare da ke a ina?"

"A sama."

Can Mama ta ce, "Shi ma?"

Saukar ta ɗauki lokaci, don tafiyar Baffa aka bi. Cikin kurmi akwai sanyi, ruwa yana gudu a gefen hanya. Wata malama ta ara wa Injiniya silifas. A kowace kwana akwai farar alama a jikin bishiya, kuma Auta ta lura Baffa ya fara nemo ta da kansa kafin ya taka.

A bakin titi, yayin da ake jiran direban Injiniya ya zagayo da mota, Mai Fenti ya matso kusa da ita.

"Dakta."

"Ban yafe ba tukuna," ta ce, tana kallon titi.

"Na sani."

"Alamar kusa da rafin can ta fara gogewa."

"Zan sabunta."

Sun isa gida bayan azahar. Baƙi sun tafi, sai kwalaben lemo a tebur. Baffa ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa. Injiniya ya tsaya a tsakar gida ya ce wa Mama, cikin ladabi, shi bai janye ba, kuma zai dawo da manyansa Asabar mai zuwa. Auta tana jin sa. A gabansa ta ciro waya ta sanar a zaure cewa Asabar mai zuwa hanyar rafi za a bi.

Daga ranar Baffa bai kira ta ba, bai aika wa Injiniya da amsa ba, bai kuma ambaci sunan Mai Fenti ba. Da Mama ta ce a sa a mayar wa mai sanda sandarsa, sai ya ce a bar ta inda take.

Har ranar Juma'a da yamma sandar tana jingine a ƙofar ɗakinsa.